Hotunan Rugar Baffa

Shagona na ɗaukar hoto yana Ƙofar Kaura, kuma abin da ke ciyar da ni da iyalina bai wuce fasfo da hotunan biki ba. Amma tun ina saurayi zuciyata tana ga hoton baƙi-da-fari, irin wanda na koyi aiki da shi a hannun maigidana kafin kowa ya koma mai kala. Ko bayan da kyamarori suka koma na zamani, in na ɗauki abin da ya burge ni sai in zauna gaban kwamfuta in cire mashi kala, in bar haske da inuwa kaɗai. Ba mai saye. Don kaina nake yi.

Wata rana da damina, bayan la'asar, wani dattijon Bafulatani ya shigo shagon. Dogo ne siriri, ya tuɓe takalmansa na roba a bakin ƙofa ko da yake ba wanda ke tuɓewa. Muka gaisa sosai. Ya tambayi gida da iyali da kasuwa da ruwa, ni kuma na tambayi yara da dabbobi. Fasfo ya zo yi. Da na gama na miƙa mashi, sai ya tsaya yana kallon kyamarar da ke rataye a wuyana.

"Mai hoto, wannan abin naka yana ɗaukar dabba?"

Na ce, "Duk abin da ya tsaya gabansa yana ɗauka, Baffa."

"To ina da bijimi. Dole ta sa zan sayar da shi. Ina son in riƙa ganinsa bayan ya tafi."

Tun daga ranar Baffa nake ce mashi, shi kuma bai taɓa kirana da wani suna ba sai Mai hoto.

Rugarsu tana bayan Batagarawa. In ka sauka daga kwalta sai ka bi wata 'yar hanya tsakanin gonakin gero, ka wuce wani ƙauye, sannan ka hango bukkokinsu a gindin itatuwan gawo. Ba masu yawo ba ne. A nan aka haifi Baffa, yana da gonarsa, yaransa suna zuwa makarantar ƙauyen. Na je a babur da niyyar in ɗauki bijimi in juyo, sai na kai har magariba. Shanunsa farare ne tas, masu dogayen ƙaho, in suka taru a ƙarƙashin hadari sai ka ga kamar su ke haska wurin. Matarsa, wadda nake kira Goggo, ta dama mani fura da nono a ƙwarya, ta ce kada in kuskura in nuna mata wannan abin nawa. Sai da muka shekara biyu da sabawa ta yarda na ɗauki hannuwanta tana tatsa.

Haka na yi ta zuwa shekara da shekaru, duk sanda shago ya yi sanyi. Na ɗauki Baffa yana alwala a bakin rijiya. Na ɗauki ƙaninsa, wani kakkaura mai yawan dariya da ke zaune tare da su, yana kokawa da maraƙi. Na ɗauki samarinsu da malfunansu, da babban ɗansa yana ɗaure 'yan maruƙa a dangwali. Hotuna suka taru mani har na fara jin cewa zamansu cikin kwamfuta asara ne. Daga nan tunanin littafi ya zo.

Na tuntuɓi masu buga littattafai, duk amsarsu ɗaya: wa zai sayi littafin da ba labari a ciki sai shanu? Sai na ƙudura zan buga da kaina. Akwai wani Alhaji mai ƙaramar maɗaba'a wajen Ƙofar Durbi, kalandar biki da littattafan Islamiyya yake bugawa. Ya saurare ni, ya ce bai taɓa irin wannan aiki ba amma in na yarda mu koya tare, bismilla.

Matsalar farko ni na jawo ta. Da na buga hotunan a baƙi-da-fari zalla, sai suka fito da sanyi. Shanun suka zama kamar an zana su da alli, fuskokin mutane kuma suka dunƙule suka yi duhu. Ba haka rugar take a idona ba. Sai na tuna yadda maigidana ke rina hoto a da. Bayan ya wanke shi yakan tsoma shi cikin wani magani mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, baƙin ya juye ya koma ruwan ƙasa, hoton ya yi ɗumi. Yanzu ba sai an shaƙi wari ba, a kwamfuta ake yi. Za ka ɗan zuba launin ƙasa a cikin inuwa, ka bar wurin haske da farinsa. Abin da wuya shi ne sanin iyaka. In ya yi yawa, hoton jiya sai ya zama kamar na zamanin kakanni. In ya yi kaɗan, ba ka yi komai ba.

Na gama na kai wa Alhaji gwaji. Injinsa tawada huɗu yake haɗawa kafin ya ba da ruwan ƙasa, kuma in ɗaya ta ɗan rinjayi sauran an tashi daga aiki. Gwajin farko ya fito kore-kore kamar gansakuka. Na biyu ya yi ja kamar an shafa manja.

Alhaji ya ɗaga takardar ya ce, "Malam, ba kai ka ce baƙi-da-fari ba? To mi ya kawo mu ga wannan wahala?"

Na ce, "Baƙi-da-farin ne, Alhaji, amma mai ɗan jini a jika."

Ya yi dariya ya ce a sake. Mun sha sakewa. Na gane cewa abin da na gani a fuskar kwamfuta ba shi takarda ke bayarwa ba, don takarda tana shan tawada, inuwa ta ƙara duhu. Dole in buɗe duhun tun a kwamfuta har ya zama kamar ya yi fari da yawa. Na gane kuma ba a duba gwaji a ƙarƙashin ƙwan lantarki. Mukan fito da shi bakin ƙofa, cikin inuwar rumfa, masu wucewa suna kallon manya biyu sun ƙura wa hoton saniya ido. Muka bar takarda mai sheƙi muka koma marar sheƙi. A ƙarshe na rage da rini iri uku da na kasa zaɓa a cikinsu, sai na ce bari in kai wa masu abin.

Baffa ya shimfiɗa tabarma a gindin gawo, na jera mashi takardun, muka danne gefensu da duwatsu. Ya daɗe yana kallo. Ya ture mai duhun ya ce wannan shanun sun yi birgima a taɓo. Ya ture na biyu shi ma. Ya ɗora yatsa a kan na ukun, wanda rininsa ya fi sauƙi.

"Haka suke da sassafe, kafin a sake su."

Da ya zo kan hoton fuskarsa sai ya riƙe baki. "Kai Mai hoto, ka tsufar da ni! Duk waɗannan layukan nawa ne?"

Ƙaninsa ya ce, "Naka ne mana, Yaya. Ka ɗauka aro ka yi?"

Ranar na faɗa masu dalla-dalla abin da nake nufi: littafi ne, za a buga da yawa, waɗanda ba su san su ba za su gani. Baffa ya tara mazan rugar ya maimaita masu da Fillanci. Ba wanda ya ƙi. Ƙanin ma cewa ya yi in ba a sa shi a bango ba bai yafe ba.

Da zan tafi Baffa ya rako ni har inda na ajiye babur. A lokacin an riga an daɗe ana jin labarin 'yan bindiga a yammacin jihar, ana kwashe shanu, ana ɗaukar mutane, ƙauyuka suna tashi. Na tambaye shi ko abin bai matso su ba. Ya ce rugage biyu da ya sani sun watse. Ya ce abin da ya fi damunsa, mutanen ƙauyen da suka girma tare yanzu in ya yi sallama sai an ɗan yi shiru kafin a amsa.

Na ce, "Baffa, ko za ku matso kusa da gari?"

"In matso da shanu ina? Nan aka binne ubana. Wa bai san ni ba a nan?"

Ba a rufa wata biyu ba ƙaninsa ya kira ni da safe, ina buɗe shago. Da farko ban gane muryarsa ba. Ya ce an zo masu kafin asuba a kan babura, an kore garken gaba ɗaya. Babban ɗan Baffa ya fito da sanda, suka harbe shi a bakin dangwali.

Na je jana'iza. Mutanen ƙauyen sun zo, an yi salla tare, an kai shi tare. Na ɗauka abin ya tsaya nan. Amma bayan 'yan kwanaki aka faɗa wa ƙauyen shi ma, aka kashe masu mutane, aka tafi da mata. Cikin wannan zafi wani ya ce ai ba yadda za a yi baƙo ya san hanya in ba na gida ya nuna mashi ba, kuma su wa ke jin yaren maharan? Ba wanda ya tsaya ya tuna cewa rugar aka fara ci. Wasu samari suka je suka cinna wa bukkokin wuta. Wani dattijon ƙauyen, abokin Baffa tun yarinta, shi ya riga su zuwa ya ce su gudu, shi ya sa ba a rasa rai ba. Ba na zagin mutanen ƙauyen nan. Na ga gawawwakinsu su ma. Amma abin da aka yi wa Baffa zalunci ne, kuma haka zan kira shi.

Suka shigo birni, suka sami wani kango a bayan gari wanda mai shi ya yi gini ya kai linta ya tsaya. Suka rufe sama da leda da tsofaffin buhuna. Goggo, wadda ta yi rayuwarta tana sayar da nonon shanunta, ta koma saro madarar gari tana kwaɓawa tana kai wa bakin tasha. Ƙanin ya shiga aikin lebura. Baffa kuwa ba abin da ya iya sai kiwo, kuma ba abin kiwo.

Sai ya fara zuwa shagona. Ya zo da hantsi, ya tuɓe takalmi, mu gaisa, ya zauna a bencin masu jiran fasfo har azahar. Ni kuwa na rufe aikin littafin, don na ji nauyin in buɗe hotunan a gabansa. Wata rana ya ce:

"Ina aikin namu?"

"Na ɗan ajiye shi, Baffa."

"Don mi?"

Na kalli kwamfutar. Ya ce, "Buɗe in gani."

Na jawo mashi kujera kusa da ni. Haka muka koma yi. Ina gyara haske da rini, yana zaune hannuwansa a kan gwiwa, yana kallon shanun da babu su suna wucewa ɗaya bayan ɗaya. Wani lokaci ya kira sunan saniya a hankali. Da muka zo kan hoton ɗansa a bakin dangwali na yi sauri zan wuce, ya riƙe mani hannu. Ya kalla har ya ƙoshi, sannan ya ce fuskar ta yi duhu, in ƙara mata haske. Na ƙara. Ya ce, "Ya isa," ya tashi ya fita alwala tun lokacin salla bai yi ba.

Bayan wannan ne ya zo mani da wata buƙata. Ya ce yana son hotunan shanun, amma ba masu rini ba, masu kala, yadda kyamara ta ɗauke su tun asali.

"Wannan naka na kallo ne, Mai hoto. Ni na nema nake so. In an ga jan tabon da ke wuyan wannan, da tsagar kunnen waccan, ba mai gardama."

Ya ji ana cewa shanun sata suna ɓullowa a kara, wato kasuwannin shanu, bayan sun bi hannu biyu ko uku. Na ce mashi hanya ba kyau, kuma mutum irinsa shi kaɗai a kasuwar da ba a san shi ba, kowane ɓangare zai iya yi mashi mummunar fahimta. Ya ce ya sani. Ya ce amma zaman benci yana kashe shi a hankali, gara ya mutu yana tafe. Na buga mashi su a ƙananan takardu, na buga hatimin shagona a bayan kowanne kamar yadda nake wa duk hoton da ya fita daga hannuna, na sa mashi a leda.

Ya yi ta zagaya kasuwanni. In ya dawo ya biyo ta shago ya ba ni labari. Sau ɗaya ya ce ya ga wata karsana da ya tabbata tasa ce, an sake yanke mata kunne, ciwon ko warkewa bai yi ba. Ya kira ta, ta ɗago kai. Ya fito da hoto ya nuna wa dillalin, dillalin ya ce farar saniya ai duk ɗaya ce, in hoto shaida ne ya je ya kai ƙara. Kafin ya nemo wanda zai saurare shi an loda ta a mota. Yana ba ni labarin yana murmushi, wai ko ba komai ta gane shi.

Na ce, "Baffa, don Allah ka bari haka nan."

Ya ce, "Saura kasuwa ɗaya. Daga ita na bari."

Kasuwar tana can yamma, inda ko direbobi ba su son zuwa. Ya tafi, ranar da ya ce zai dawo bai dawo ba. Washegari da rana ina cikin ɗaukar wata mata fasfo waya ta yi ƙara. Wani mutum ne, ya ce daga asibitin wani gari yake kira. Ya tambaya ko ni ne mai shagon hoto na Ƙofar Kaura. Ya ce an kawo gawar wani dattijo da aka tsinta a gefen hanya, ba waya ba kati a jikinsa, sai hotunan shanu a aljihu, da lambata a bayansu.

Na sallami matar ban ɗauke ta ba. Na je inda ƙanin ke aikin gini, na same shi da kwanon siminti a ka. Da ya ga fuskata ya sauke kwanon a hankali, ya ce, "Yaya ne?" Na ce shi ne.

Muka shiga mota tare, da muka isa asibitin muka ga gawar. Shi ne. An sare shi a kai da kafaɗa. Ba takalmi a ƙafarsa. Ma'aikacin ya miƙo mani ledar hotunan, jini ya shiga ta gefe ya manne su wuri guda. Mun tambayi abin da ya faru. Wani ya ce 'yan sa-kai ne suka sauke shi daga mota, suka ga hotunan shanu suka ce ɗan leƙen asiri ne. Wani ya ce a'a, mutanen daji ne suka ji labarin wani tsoho na yawo yana nuna shanun da ke hannunsu. Kowa da wanda yake so ya ɗora wa. Har yau ban san gaskiya ba, kuma ba wanda aka kama. A garin muka yi mashi sutura, mutanen da ba su san shi ba suka taya mu salla, muka juyo kafin la'asar don direba ya ce ba zai kai yamma a hanyar ba.

Na daɗe ban taɓa aikin ba. Alhaji mai maɗaba'a ne ya yi ta kirana, ya ce takardar da aka saya tana ajiye, damina ta shigo, in ta sha danshi ta lalace. Ranar da na je ya yi mani gaisuwa, sannan ya ce, "Malam, ka gama shi. Ko don marigayin." Na koma na ƙarasa sauran hotunan ni kaɗai, kujerar da ke gefena ba kowa. Na tsaya a kan injin ranar bugu, muna zaro takarda muna fita da ita bakin ƙofa muna dubawa. Wannan karon rinin ya zauna daidai, tun daga shafin farko har na ƙarshe, ba kore ba ja. Ban taɓa yin aikin da ya kai shi kyau ba. Aka ɗinke, aka sa bango, aka kawo mani su cikin kwalaye.

Kafin in nuna wa kowa na ɗauki ɗaya na nufi kangon. Goggo ta fita takaba, ta rame har na kusa kasa gane ta. Ta shimfiɗa mani buhu. Na miƙa mata littafin, ta goge hannu a zane ta karɓa. Ta buɗe a hankali. Ba ta yi kuka ba. A kan hoton mijinta yana alwala ta tsaya, ta ce, "Butar nan ma ta ƙone." Ta rufe ta miƙa wa ƙanin.

Shi ya fi ta daɗewa. Ya bi shafi-shafi, na ga yana komawa baya yana sake dubawa. Ya ga kansa da maraƙi, bakinsa a buɗe yana dariya. Ya ga samarinsu. Da na yi sallama ya ce zai taka mani. Sai da muka yi nisa da kangon ya tsaya.

"Malam, guda nawa ka buga?"

Na ce da ɗan yawa.

"Ka raba?"

"Tukuna. Ku na fara kawo wa."

Ya sauke numfashi. "Alhamdu lillahi. Malam, don girman Allah ka cire mu."

Na ce, "Ai da yardarku na yi. Kai da kanka ka ce a sa ka a bango."

"Na faɗa. Lokacin ina da gida." Ya kalli hanya, ya rage murya. "Yanzu a waya ake tura hoton mutum, a ce ga ɗaya daga cikin 'yan bindiga, kuma shi ke nan. Ba mai tambaya. Wani ɗan'uwanmu haka aka yi mashi, hoton biki ne ma. Littafin nan ba ka san hannun da zai faɗa ba. Wani zai buɗe ya ɗauki fuskar ɗaya daga cikin samarinmu da waya. Yaran nan su suka rage mamu."

Na ce mashi niyyata ke nan, mutane su gan su yadda suke, masu gida da gona da dariya, ko a daina yi masu kuɗin goro. Ya saurare ni har na gama.

"Na san niyyarka. Mai karanta littafi ba shi ke tare hanya ba. Yaya da yaronsa ka bar su, ba abin da za a ƙara yi masu. Mu da ke da rai ka cire mu."

Na ce to.

Sake bugu ya fi ƙarfina, don haka reza na saya. Na kwashe kwalayen na kai gida. In na taso daga shago da la'asar sai in zauna a tsakar gida, in buɗe littafi, in sa kwali a ƙarƙashin shafin, in ɗora rula kusa da ɗinki in ja reza. Dole a bar ɗan siririn gefe, in ba haka ba ɗaya ɓarin takardar ya zame. Kowace takarda kuma fuska biyu gare ta, in na cire saurayi sai in tafi da abin da ke bayansa. Haka na rasa hoton garken a ƙarƙashin hadari, wanda na fi so a duk littafin, don yana bayan hoton ƙanin. Maiɗakina ta ga abin ya yi mani yawa ta zo ta zauna, ina yanka tana tattarawa. Da farko tana kifa su don kada ta ga fuskokin, daga baya ta daina.

Da muka gama na kira ƙanin ya zo ya gani da idonsa. Ya ɗauki littattafai daga kwalaye daban-daban ya duba. Ya kalli tarin takardun da aka yanke ya ce a ƙona. Na ce ko in ajiye su a akwati in kulle, wata rana in ƙasa ta lafa a mayar. Ya girgiza kai. Muka kai su bayan gida muka zuba a rabin duro. Takarda mai kauri ba ta cin wuta da sauri, sai da muka yi ta tonawa da kara. Yana tsaye har ta cinye. Ya ce in goge na kwamfuta ma. Na ce wannan kam ba zan iya ba, amma na yi mashi alkawarin ba mai ganinsu, na kwashe su daga kwamfutar shago. Ya ce ya yarda da ni.

Littafin ya fita a haka, siriri, bangonsa ya yi mashi yawa. Wani mai kantin littattafai ya duba ya mayar mani, ya ce ba ya son abin da zai jawo mashi magana. Wasu malaman makaranta da abokan sana'a sun saya. Akwai wanda ya dawo ya ce nasa da matsala, lambobin shafi suna tsallake. Na ce duka haka suke, in yana so ya dawo da shi. Ya tambayi dalili na faɗa mashi. Ya zauna a benci ya daɗe, ya tafi da abinsa. Sauran suna nan a kwalaye a ƙuryar shago, na ɗora su a kan bulo saboda gara.

Mai kangon ya tashi ci gaba da gininsa bayan damina, ya ce su ba shi wuri. Suka yanke shawarar bin dangin Goggo can gabas. Na raka su tasha. Kayansu duka bai cika bayan mota ɗaya ba. Ƙanin ya kira ni bayan sun isa, ya ce sun sauka lafiya, ya sami wani mai kuɗi da ya ba shi kiwon shanunsa, samarin kuma suna taya shi. Ya ce wurin da sauƙi, sai dai ba a san su ba, ko'ina sai an tambaye su daga ina. Mun ƙara gaisawa da Sallah. Da wata Sallar ta zagayo na kira, aka ce layin a kashe yake. Na yi ta gwadawa, har wata rana wata mata ta ɗauka ta ce ita sabon layi ta saya, ba ta san kowa mai wannan kama ba.